Daga Zaren Garrod Zuwa Hoton Ƙashi: Tarihin Rarrabe Cututtukan Gaɓoɓi



Idan Bahaushe ya wayi gari gwiwarsa ta kumbura, ko yatsunsa sun ƙi lanƙwasuwa, ko ƙugunsa ya riƙe, kalma ɗaya ce takan zo bakinsa, watau sanyi. Wani ya ce sanyin ƙashi, wani ya ce amosanin gaɓɓai. Tsohuwa mai shekara 70 da ke dafa bango kafin ta miƙe, sanyi ke damunta. Matar aure mai shekara 30 da ta kasa matse wanki, ita ma sanyi. Yaron da ke kwana yana kuka da damina saboda zogin ƙafa, shi ma an ce sanyi ne. Alhali kuwa cuta uku ce dabam-dabam, asalinsu ba ɗaya ba, maganinsu ba ɗaya ba, kuma jinkirin shekara biyu da ba zai yi wa tsohuwar nan wata babbar illa ba yana iya raba matar auren nan da amfanin hannuwanta har abada.

Sana'ata nazarin harshe ce, saboda haka ta ƙofar suna zan shiga wannan magana. Ba Hausa kaɗai ta tara cututtukan gaɓoɓi a ƙarƙashin suna guda ba. Harsunan da aka rubuta ilmin likita da su a da, duk sun yi haka, kuma sai da likitoci suka shafe kimanin shekara 300 suna tsince cututtukan nan ɗaya bayan ɗaya, da ido da hannu tukuna, sa'an nan da hoton ƙashi, daga baya da gwajin jini. Yadda aka yi wannan tsinta shi ne tarihin da zan ba ku.

Likitocin Girka na zamanin Buƙratu, wanda ya rayu kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, sun ɗauka jikin mutum ruwaye huɗu ke tafiyar da shi, waɗanda littattafan ɗibbu na Larabci suka kira jini da balgam da safra da sauda. Idan ɗayansu ya yi yawa sai ya gangara ya taru a gaɓa, ta kumbura. Daga wannan tunani sunayen suka fito. Kalmar nan rumatizim da 'yan boko ke yawan faɗi, asalinta kalmar Girka ce mai ma'anar kwarara. Wani likitan birnin Paris, Guillaume de Baillou, shi ya kafa ta a kan ciwon gaɓoɓi mai yawo a jiki, a cikin littafinsa da aka buga a 1642, bayan rasuwarsa. Ita kuwa kalmar gawut ta Ingilishi, daga Latin take, ma'anarta ɗigo, watau mugun ruwa yana ɗiga cikin gaɓa. Ashe ke nan Baturen da ya ce gawut ko rumatizim, da Bahaushen da ya ce sanyi ya shige shi, hanya ɗaya suka bi: kowannensu ya raɗa wa cutar sunan abin da yake zaton ya kawo ta.

Cutar da aka fara warewa ita ce gawut, wadda Larabawa ke kira niƙris, kuma da wannan suna zan ci gaba da kiranta. Buƙratu ya lura ta fi kama maza manya, ba ta cika taɓa mace ba sai bayan ta daina al'ada. Abubakar ar-Razi, likitan Rayyu da Bagadaza wanda ya rasu wajen shekara ta 925, ya keɓe mata maƙala guda. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bambanta ta da sauran ciwon gaɓoɓi a cikin littafinsa al-Ƙanun. Su duka sun san wani tsiro da suke kira suranjan, wanda ke kwantar da zoginta. A 1820 masana biyu a Faransa suka fitar da sinadarin da ke cikin wannan tsiro, kolcisin, kuma har gobe likitoci suna rubuta shi. Da wuya a sami wani maganin da ya daɗe yana aiki kamarsa.

Me ya sa niƙris ta riga sauran samun suna? Dalili na farko shi ne ba ta ɓuya. Likitan Ingila Thomas Sydenham, wanda shi kansa ya sha fama da ita shekara da shekaru, ya bayyana ta a 1683: mutum ya kwanta lafiya lau, can cikin dare zogi ya tashe shi a gindin babban yatsan ƙafa, wurin ya yi ja ya yi zafi, har nauyin mayafi ba ya iya ɗauka. Bayan 'yan kwanaki ta lafa kamar ba a yi ba, sai wani lokaci kuma. Dalili na biyu, a ganina, ya fi na farko nauyi. Cutar masu hali ce a wancan zamani, masu cin nama da shan giya, sarakuna da attajirai da manyan malamai, su ne kuwa masu iya kiran likita gida. Likita ya fi sanin cutar mai biyansa.

Sa'an nan masu awon sinadarai suka karɓi aikin. Wanda niƙris ta daɗe a jikinsa yakan fitar da wasu ƙulluttai a yatsu da gwiwar hannu da gefen kunne, idan suka fashe sai wani abu fari kamar alli ya fito. A 1679 Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya duba wannan alli da madubinsa mai ƙara girman abu, ya ga ashe 'yan allurai ne sirara. A 1776 Carl Scheele na Suwidin ya gano sinadarin da ake kira yurik a cikin tsakuwar mafitsara, a 1797 kuma William Wollaston ya nuna gishirin wannan sinadari ne ke cikin ƙulluttan. Wanda ya ƙulle maganar shi ne Alfred Baring Garrod na birnin Landan. A 1848 ya nuna jinin mai niƙris yana ɗauke da yurik fiye da kima, jinin masu sauran ciwon gaɓoɓi kuwa ba haka yake ba. Bayan 'yan shekaru ya fito da wata dabara wadda sauƙinta ya isa a yi mamaki. Sai ya ɗebi ruwan jinin majiyyaci a ɗan faranti na gilashi, ya ɗiga masa ruwan tsami, ya jefa silin zare ɗaya a ciki, ya ajiye kamar kwana biyu. In mai niƙris ne, sai a ga 'yan duwatsu sun yi jere a jikin zaren, kamar yadda sukari kan daskare a jikin tsinke. Da silin zare aka fara raba wata cutar gaɓa da 'yan'uwanta ta hanyar awo.

To, amma tun kafin Garrod wani ɗalibin likita ya riga ya ga abin da manyansa ba su gani ba. Sunansa Augustin Jacob Landré-Beauvais, yana aiki a Salpêtrière, wani katafaren gida a Paris inda ake tara mata matalauta da tsofaffi da marasa galihu. A cikin kundin digirinsa na shekara ta 1800, yana da shekara 28, ya bayyana mata tara masu wani ciwo da ake ce wa niƙris, amma halinsa ya saɓa. Mata yake kamawa, matalauta, raunana. Ba ya tsayawa a yatsa ɗaya, gaɓoɓi da yawa yake kamawa tare. Ba ya zuwa ya tafi, in ya zo ya zauna ke nan, har yatsu su karkace. Kuma ba ya fitar da allin nan. Landré-Beauvais bai iya rabuwa da tsohon suna ba, sai ya kira shi wani irin niƙris na masu rauni. Duk da haka shi ake ba lambar fara bayyana cutar da yau ake kira rumatoyid.

Masana sun yi ta jayayya ko cutar sabuwa ce a Turai. Wasu suna kafa hujja da ƙasusuwan mutanen da suka rayu a Amurka ta Arewa shekara 3,000 zuwa 5,000 da suka wuce, waɗanda Bruce Rothschild da abokan aikinsa suka bayyana a 1988, suna cewa daga can ta ƙetaro. Ni dai abin da ya fi jan hankalina shi ne wurin da aka fara ganinta. Sai da aka tara mata matalauta a gida ɗaya, aka sa musu likita mai alƙalami, sa'an nan ciwonsu ya shiga littafi. Ku riƙe wannan, za mu sake bukatarsa idan mun zo kan ƙasarmu.

Garrod ne ya raɗa mata suna a 1859. Da zarensa ya nuna masa ba niƙris ba ce, kuma ya ga ba zazzaɓin rumatizim ba ce, watau wanda ke bin ciwon maƙogwaro ya yi yawo daga gaɓa zuwa gaɓa ya kuma taɓa zuciya, sai ya kira ta kumburin gaɓa mai kama da rumatizim. Ma'anar rumatoyid ke nan, mai kama da. Suna ne na wanda ya san abin da cuta ba ita ba ce, kuma ya zauna mata fiye da shekara 160. Kamanninta kuwa ga su kamar yadda likitoci suka tattara a hankali. Ta fi kama mata, ninki biyu ko uku a kan maza. Takan fara da ƙananan gaɓoɓi, gindin yatsu da gaɓar tsakiyarsu da tsintsiyar hannu da yatsun ƙafa, dama da hagu tare, kamar an auna. Kumburin taushi gare shi, da ɗumi. Mai ita yakan tashi da safe a sandare, ya yi awa guda ko fiye kafin hannu ya saki, kuma motsi yana rage masa ciwon. Tana zuwa da kasala da rama, tana iya taɓa huhu da ido da jijiyoyin jini. Yanzu an san garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓa, tantanin ya yi kauri, ya riƙa cin guringuntsi da ƙashi.

Sauran rikici ɗaya ya rage, kuma ya ci fiye da shekara 40. William Heberden, a littafinsa da ya fito a 1802, ya ambaci wasu 'yan ƙulluttai masu tauri a gaɓar ƙarshe ta yatsu, kusa da farce, ya ce ba su da dangantaka da niƙris. Waɗannan na ciwon tsofaffi ne, wanda zan kira zaizayar gaɓa. Amma manyan malaman ƙarni na 19, har da Charcot na Paris, sun ɗauka zaizayar gaɓa da rumatoyid cuta ɗaya ce mai fuska biyu. Ba za a zarge su ba. Hannun tsohuwa mai zaizaya da hannun mai rumatoyid duk a karkace suke, kuma ba mai iya leƙa cikin gaɓar mai rai.

Ran 8 ga Nuwamba 1895, a birnin Würzburg na Jamus, Wilhelm Röntgen ya gano wani haske da ke ratsa nama ya tsaya a ƙashi. Kafin shekarar ta ƙare ya ɗauki hoton hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobe. Cikin 1896 har an fara buga hotunan hannuwan masu ciwon gaɓoɓi. Ya kamata a fahimci abin da wannan hoto yake nunawa, domin mutane da yawa suna karɓarsa a asibiti su ɗaga sama su duba, ba su san me ake nema ba. Inuwa ce kawai. Ƙashi yana tare hasken, sai ya fito fari. Guringuntsin da ke shimfiɗe a kan bakin ƙasusuwa ba ya tare shi, saboda haka a gaɓa mai lafiya sai a ga kamar akwai fili tsakanin ƙashi da ƙashi. Wannan fili ba fanko ba ne, kaurin guringuntsi ne. In ya tsuke, guringuntsi ya cinye. Mai karanta hoton yana duban abu huɗu ko biyar: filin nan, da hasken ƙashi ko duhunsa, da gefen gaɓa, da naman da ke kewaye, da kuma waɗanne gaɓoɓi ne abin ya zaɓa.

A 1904 Joel Goldthwait na birnin Boston ya dubi irin waɗannan hotuna ya raba masu ciwon gida biyu: waɗanda ƙashinsu ke raguwa, da waɗanda ƙashinsu ke ƙaruwa. Rabon da ya gagari Charcot ke nan, inuwa ta yi shi. A 1907 Archibald Garrod, ɗan mai zaren nan, ya tabbatar da wannan rabo a rubuce a Ingila.

Bari mu jera hotuna uku mu duba. A hoton mai rumatoyid, abin da ke fara bayyana shi ne kumburin nama a gefen gaɓa, sai ƙashin da ke kusa da gaɓar ya yi shara-shara kamar tsohon yadi. Filin yakan tsuke bai ɗaya, daga wannan gefe zuwa wancan. Sa'an nan sai a ga 'yan gatsa a gefen ƙashi, kamar ɓera ya ɗan ciza, daidai inda guringuntsi ya ƙare ƙashi ya zauna tsirara a gaban tantanin nan mai kumburi. Gindin ƙaramin yatsan ƙafa da ɗan tsinin ƙashin da ke gefen tsintsiyar hannu suna cikin wuraren da gatsar ke fara fitowa, shi ya sa likita kan aika mai ciwon hannu a ɗauki hoton ƙafarsa, majiyyaci yana ta mamaki. In an daɗe, gaɓoɓi su goce, yatsu su kwanta wajen ƙaramin yatsa kamar gero bayan iska. Gaɓar kusa da farce kuwa, yawanci cutar takan tsallake ta.

Hoton mai zaizaya akasin wannan ne. Filin yana tsukewa ta gefen da nauyi ya fi dannawa, kamar dunduniyar takalmi, a gwiwa galibi ta gefen ciki. Ƙashin da ke ƙarƙashi ya ƙara fari da tauri, gefensa ya tsiro da 'yan ƙahonni. Gwiwa da kwatangwalo da gindin babban yatsan hannu da gaɓar kusa da farce, nan ne gidanta. Mai ita sandarewarsa ta safe ba ta kai rabin awa, aiki ne ke tayar masa da ciwo, hutu ya kwantar. A 1957 Kellgren da Lawrence na Mancesta suka tsara ma'aunin wannan hoto daga sifiri zuwa 4, kuma da shi ake amfani har yau.

Hoton mai niƙris kuma dabam. Shekarun farko ba a ganin komai sai kumburi. Daga baya sai ramuka su bayyana, masu tsabtar baki kamar an huda da ƙarfe, sau da yawa ɗan nesa da gaɓar, da wani ɗan leɓen ƙashi da ya rufo a kansu. Filin gaɓa yakan daɗe bai tsuke ba, ƙashi kuma bai yi shara-shara ba. Amma hujjar da ta fi hoto ƙarfi ta zo a 1961, sa'ad da McCarty da Hollander a Filadelfiya suka zuƙo ruwan gaɓa da allura suka duba da madubi na musamman, suka ga 'yan alluran da Leeuwenhoek ya gani shekara 282 kafin su.

Gadon baya yana da nasa labari. A cikin shekarun 1690 wani ɗan Ailan mai karatun likita a Faransa, Bernard Connor, ya bayyana wani ƙwarangwal wanda ƙasusuwan bayansa da haƙarƙari da ƙugu suka narke suka zama ƙashi guda. Bayan shekara 200 mutum uku suka bayyana cutar a jikin masu rai: Bechterew a Rasha a 1893, Strümpell a Jamus a 1897, Marie a Faransa a 1898. Sai kowane yanki ya riƙa kiranta da sunan wanda ya ga dama, abin da ya nuna siyasa ba ta bar ko sunan cuta ba. Samari ta fi kamawa, kafin shekara 40. Ciwon baya ne mai tashin mutum da asuba, wanda kwanciya ke ƙara shi, motsi ya rage shi, wani lokaci da jan ido mai zafi. Hoto ya nuna daga mahaɗar ƙashin ƙugu da gindin gadon baya take farawa, bakin mahaɗar ya dushe, ya cinye, daga bisani ya toshe. A sama kuma wasu siraran gadoji na ƙashi su haɗa ƙashin baya da na kusa da shi, har gadon baya duka ya koma kamar sandar gora. Likitocin Amurka sun daɗe suna ɗaukarta rumatoyid ce ta baya, sai a 1963 suka sauke wannan ra'ayi.

Jini ne ya sauke su. Erik Waaler a Oslo a 1940, da Harry Rose a Niyok a 1948, kowanne ya gano ruwan jinin yawancin masu rumatoyid yana sa ƙwayoyin jinin tumaki da aka yi wa wani shiri su dunƙule. Jinin masu sandarewar baya ba ya yin haka. Haka nan jinin yawancin masu ciwon gaɓar da ke tafiya tare da cutar fata mai ɓamɓaroki, soriyasis, wadda ke kama gaɓar kusa da farce, ta kumbura yatsa ɗungurungum, a hoto kuma ta feƙe kan ƙashi kamar fensir. A 1973 aka gano, a Landan da Los Anjalis, cewa mafi yawan Turawa masu sandarewar baya suna ɗauke da wata alamar gado a jikinsu da ake kira HLA-B27.

Yanzu mu dawo gida. A ƙarshen shekarun 1960 Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi shekara 10 yana aiki a Zariya, ya bincika masu ciwon gaɓoɓi a asibitin koyarwa na Ibadan. Ya tarar rumatoyid ba ta da yawa, wadda aka samu ma ba ta da tsanani, har ya kawo shawarar cewa watakila zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtukan da ke damun garkuwar jiki tun yarinta suna hana ta juyowa kan mai ita. A 1993 Alan Silman da abokan aikinsa suka duba kimanin mutum 2,000 a karkarar ƙasar Yarabawa, ba su sami mai ita ko ɗaya ba. A Gambiya kuma, binciken da aka buga a 1997 ya nuna kimanin 6 cikin 100 na Fulanin can suna ɗauke da alamar nan ta HLA-B27, amma ba a sami mai sandarewar baya a cikin waɗanda aka duba ba. Waɗannan bincike ne na ƙwarai, sai dai an ɗora musu kayan da ba su ɗauka ba, har aka yi zamanin da ake koya wa ɗaliban likita cewa rumatoyid cutar Turawa ce. A 2010 Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka buga bayanin 'yan Nijeriya 200 masu rumatoyid daga ɗakin duba marasa lafiya guda ɗaya. Abin da ya faru a Salpêtrière ne ya sake faruwa: da aka buɗe ƙofa aka sa mai duba, sai ga masu ciwon. Matar da ke cikin kulle a ƙauye, wadda aka yi wa ƙaho aka ba ta jiƙo aka ce sanyi ne, ba ta cikin lissafin kowa.

Bugu da ƙari, tukunyar sanyi a ƙasar Hausa ta fi ta Turai cika, domin akwai abubuwan da muke zubawa a ciki waɗanda Garrod bai cika gamuwa da su ba. Babbansu sikila, wadda sunanta na gida ma, amosanin jini, ya nuna inda muka ajiye ta. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da irinta. Tun a 1874 Africanus Horton, likita ɗan Saliyo, ya bayyana wani ciwon ƙashi mai tashi da damina a Afirka ta Yamma, wanda masana da yawa ke ganin sikila ce, shekara 36 kafin James Herrick ya bayyana lauje-laujen ƙwayoyin jininta a Cikago a 1910. Akwai tarin fuka na gadon baya, mai cin ƙasusuwa biyu da faifan da ke tsakaninsu har mutum ya yi doro. Akwai kuturta, wadda kan zo da kumburin gaɓoɓi har a ɗauka rumatoyid ce. Akwai kuma wani abin dariya na harshe: ciwon sanyi, wanda ake ɗauka wajen saduwa, shi ma yana iya sauka a gwiwa ko tsintsiyar hannu, a nan kam Bahaushe ya faɗi daidai ba da niyya ba. Mafi gaggawa duka ita ce gaɓa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, musamman ga yaro. Sau da yawa mugunya ce a ciki, tana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki, hoton ƙashi kuwa a kwanakin farko ba zai nuna komai ba.

Wannan ya kawo mu ga aibin hoton ƙashi, wanda aka daɗe ba a so a faɗa. Shaida ne mai zuwa bayan an gama ɓarna. Gatsar da yake nunawa ba ta cikewa yadda take, kuma a yawancin masu rumatoyid da ba a yi wa magani ba takan bayyana cikin shekara biyu na farko. Muddin babu maganin kirki, wannan jinkiri bai dami kowa ba. Mai zanen nan na Faransa, Renoir, wanda ya rasu a 1919, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu, yatsunsa a dunƙule, sai an sa masa burushi a hannu, kuma babu hoton da zai canja masa komai. A 1929 Jacques Forestier ya fara allurar gishirin zinariya. A watan Satumba 1948, a asibitin Mayo na Amurka, Philip Hench ya yi wa wata mata mai shekara 29 allurar kotizon, cikin 'yan kwanaki wadda ba ta iya sauka daga gado ta tashi tana yawo. Aka ba shi lambar Nobel a 1950, shi da mutum biyu. Ba a jima ba aka ga kuɗin da kotizon ke karɓa: kumburin fuska, ciwon sukari, hawan jini, ruɓewar ƙashi. Maganin da ya zama ginshiƙi shi ne metotireset, wanda aka aro daga masu maganin sankara, aka tabbatar da amfaninsa a tsakiyar shekarun 1980, ana shan ɗan kaɗan sau ɗaya a mako. A farkon shekarun 1990 Ravinder Maini da Marc Feldmann a Landan suka nuna toshe wani sinadarin kumburi guda ɗaya yana kwantar da cutar, daga nan aka sami sababbin allurai masu ƙarfi, masu tsada ƙwarai.

Da aka sami abin da ke tsayar da ɓarna, sai jiran hoto ya zama laifi. Ƙa'idojin gane rumatoyid na 1987 sun sa gatsar hoto cikin alamomi bakwai. Waɗanda likitocin Amurka da Turai suka fitar a 2010 sun cire ta daga lissafin maki, suka dogara ga yawan gaɓoɓin da suka kumbura, da tsawon lokaci, mako 6 ko fiye, da gwajin jini, har da wani sabo da aka ƙirƙiro a Holan a ƙarshen shekarun 1990. Na'urar sikanin da ake duba masu juna biyu da ita, da babbar na'urar maganaɗisu, suna ganin kumburin tantani tun ƙashi bai taɓu ba. Saboda haka idan an ce wa mai kumburin yatsu hotonsa lafiya lau, ba a ce masa ba shi da cuta ba. An ce masa bai makara ba tukuna.

Abin takaici, daga cikin duk magungunan nan wanda ya fi saurin isa kasuwanninmu shi ne dangin kotizon. Ana sayar da su a kemis ba takardar likita, ana cusa su cikin haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a ce maganin sanyi ne ko na gajiya, 'yan mata kuma suna sha don su yi ƙiba. Suna kashe zogin kowace irin gaɓa, ta tsohuwa da ta matar aure da ta yaro, shi ya sa mai sayarwa ba ya bukatar ya san wace cuta ce. Wanda ya daɗe yana sha, jini yana iya yanke wa kan ƙashin cinyarsa, inda ya shiga kwatangwalo. A hoto sai a ga wani siririn layi kamar jinjirin wata a ƙarƙashin kan ƙashin, bayan watanni kan ya lotsa kamar ƙwarya da aka taka, saurayi ya koma ɗingishi, ba abin da zai tashe shi sai a sa masa kwatangwalon ƙarfe. Sikila tana ba da wannan hoto, yawan shan giya ma yana ba da shi. Hoton ba ya faɗin wanne ne a cikin ukun, sai likita ya ajiye shi ya tambayi mai ƙugun abin da yake sha, da yadda yakan kwana da damina sa'ad da yake yaro.